Kafin ka sa fyaɗe a labarin yaƙi da aljanu, ga yadda nake tace shi

Sana'ata gyaran rubutu. Marubutan intanet ke turo min labaransu kafin su saki, ni kuma in zauna da jan biro bayan isha'i, in yara sun kwanta, in bi su layi-layi. Yawancin abin da ke zuwa hannuna soyayya ce, amma abin da raina ya fi so shi ne labaran yaƙi da aljanu: birni mai ƙofa bakwai, takobin da aka tsafe, boka a kogon dutse. Da su na tashi. A makarantar kwana, cikin littafin lissafi nake cusa su in karanta.

A damunar bara wani yaro ya turo min littafinsa na farko. Shekarunsa ashirin da 'yan kai, kuma gaskiya yana da hannu. A babi na shida sarkin aljanu ya ci wani birni da yaƙi, ya kama 'yar sarki. Shafi uku cur yaron nan ya kwashe a kan abin da ya biyo baya. Ya siffanta gashinta, ya siffanta fatarta, ya siffanta yadda rigarta ta yage, amma ko sau ɗaya bai faɗi abin da ke ranta ba. A ƙasan shafi na uku sai ga sanarwa da manyan baƙaƙe: nan shafukan kyauta suka ƙare, mai son ci gaba ya tura naira 500.

Na kira shi. Na ce, "Ƙanena, wannan wurin aikin me yake yi a labarin?"

Ya ce, "Anti, ai so nake a tsani aljanin."

Na ce, "A babi na biyar ya ƙone kasuwa da mutane a ciki. Wanda bai tsane shi a nan ba, me kuma zai sa ya tsane shi?"

Ya yi shiru. Can ya yi 'yar dariyar kunya ya ce, "Anti, in ba haka ba, ba sa biya."

Na ji daɗi da ya faɗi gaskiya, don da ita ake iya aiki. Abin da zan zayyana a nan shi ne hanyar da na bi da shi, wadda nake bi da kowa. Da "kai" zan yi magana, don yawancin masu turo min labaran yaƙi maza ne, amma 'yan uwana mata kada ku ɗauka kun tsira, akwai naku a gaba. Kuma ba cewa nake yi kada a taɓa maganar ba. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, ban ga marubucin da wutar ta koya wa rubutu ba. Fyaɗe yana faruwa, labari na da ikon ya faɗa. Yadda za a faɗa ne aikin.

Fara da almakashi. Ka kwafi labarin a wani wuri, ka cire fitowar, wato wurin fyaɗen, gaba ɗaya, ka sa layi guda a madadinta: an kama ta, an kulle ta a kurkuku wata uku. Sai ka karanta daga nan zuwa ƙarshe kamar ba kai ka rubuta ba. In komai ya tafi daidai, ba abin da ya karkace, to ka samu amsa: ado ne ka rataya, ba ginshiƙi ba. In kuwa wani abu ya karkace, kada ka yi saurin murna, ka duba a jikin wa ya karkace. A littafin yaron nan abu ɗaya ne ya canza: jarumi, wanda ke neman auren gimbiyar, ya rasa dalilin rantsuwar ɗaukar fansa. Wato an keta mata haddi ne don shi ya samu hujjar zare takobi. Ita kuwa daga babi na bakwai ba ta sake buɗe baki ba sai kuka.

Wannan cuta tsohuwa ce, har suna gare ta a wajen Turawa. A 1994 wani littafin zane na Green Lantern a Amurka ya nuna jarumi ya dawo gida ya tarar an kashe budurwarsa an cusa ta a firji. A 1999 wata marubuciya, Gail Simone, ta tara jerin matan da aka kashe, ko aka nakasa, ko aka ci wa zarafi a irin waɗannan littattafai don kawai labarin namiji ya motsa, aka riƙa kiran abin "mata a firji". Namu firjin shi ne kurkukun sarkin aljanu. In matar da ke labarinka itacen hura wutar zuciyar jarumi ce kawai, ka nemo masa wani itacen. A kashe masa doki, a rushe masa gari, a ci amanarsa.

In fitowar ta tsallake almakashi, sai maganar ido. Kowace fitowa akwai wanda muke gani da idonsa, ko marubuci ya sani ko bai sani ba. Ga yadda nake ganowa: in ɗauki jan biro in ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta ambaci jikin matar, in ɗauki shuɗi in ja a ƙarƙashin duk wadda ta ambaci abin da take ji ko gani ko tunani. A shafuka ukun yaron nan ja ya cika takarda, shuɗi ko ɗigo babu. Wanda ake zalunta ba ya kallon kyan kansa. Mace a wannan hali ba ta san gashinta ya zubo a kafaɗa ba. Ƙofa take kallo, tana lissafin taku nawa ne tsakaninta da ita, tana sauraron ko akwai mai wucewa. In takardarka ta cika da ja, to a bayan idon azzalumin ka zaunar da makaranci, ka ba shi kujera da ruwan sanyi.

Akwai gwaji na biyu, wanda ya fi wannan zafi. Ka ɗauko wurin da ka rubuta daren farko na masoya a wani labarin naka, ka ajiye su gefe da gefe. In kalmomin sun zo ɗaya, in siffofin da ka yi amfani da su can su ne a nan, ba zalunci ka rubuta ba, batsa ka rubuta ka yafa mata mayafin tausayi.

Kau da ido daga jikinta ma bai isa ba, sai ka duba inda ka mayar da shi. Waɗanda suka kalli shirin talabijin na Game of Thrones za su tuna hayaniyar watan Mayun 2015, a zango na biyar, daren da aka aurar da Sansa ga Ramsay. Ba a nuna tsiraici ba. Kyamara ta juya ta tsaya a fuskar Theon, wanda aka tilasta wa tsayawa yana kallo yana hawaye. Masu shirin suna ganin sun sakaya, masu suka kuwa suka ce an ɗauke azabar mace an mayar da ita labarin baƙin cikin namiji. Har wata sanata a Amurka, Claire McCaskill, ta fito a Twitter ta ce ta daina kallo. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne a littafin George R. R. Martin, wanda daga cikinsa aka ɗauko shirin, ba Sansa ba ce aka aura wa mutumin, masu fim ne suka ɗauko ta suka saka a wurin. A 2019 kuma, a zangon ƙarshe, suka sa mata magana a baki mai nuna cewa ba don abin da miyagun nan suka yi mata ba da ba ta zama abin da ta zama ba. Nan ma aka yi musu ca. Wannan ina tare da masu sukar ɗari bisa ɗari. Fyaɗe ba makaranta ba ne, ba ya yaye kowa. In tauraruwarka ta yi ƙarfi daga baya, ƙarfin nata ne tun asali, ka nuna mana shi tun babi na ɗaya.

Mu kuwa ba sai mun je Amurka koyon sakaya zance ba. Dubi Dare Dubu da Ɗaya. Gaba ɗaya littafin a kan zalunci aka kafa shi: sarki na auren budurwa kowane dare, gari na wayewa a kashe ta. Ba a taɓa shigar da mu ɗakin don mu kalli ko ɗaya daga cikinsu ba, amma tsoron nan na rataye a kan kowace hikaya, kuma bakin da ke magana na macen ne, Shaharzad, wadda ta shiga da dabararta. Wanda ya fi wannan, ko da yake ba ƙagaggen labari ba ne kuma ba a haɗa shi da komai, shi ne yadda Alƙur'ani ya kawo ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da matar Aziz. An kulle ƙofofi. An yi tsere zuwa ƙofa. Riga ta yage ta baya. Shi ke nan, kuma rigar nan ita ta zama shaida. Duk ɗalibin rubutu ya zauna ya yi nazarin abin da aka ambata da abin da aka bari.

Sai dai a kula, kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Sakaya daban, ɓoyewa daban. Ina samun rubutun da kunya ta sa marubuciya ta ce "ƙaddara ta afka mata" ko "tsautsayi ya rutsa da ita", kamar ruwan sama ne ya dake ta a hanyar kasuwa. A'a. Wani ne ya aikata, yana da suna, ya yi niyya. Ka rufe ƙofar ɗakin, amma ka kira abin da sunansa, ka kira mai laifin da nasa.

Yanzu ga inda aikin gaske yake, wurin da kusan kowa ke gudu: washegari. In ka ba wa daren shafi ɗaya, bashin babi goma ka ɗauka, kuma sai ka biya. Nan ne ake gane wanda labarin matar ya dama da wanda daren kawai ya dama.

Kafin ka rubuta washegarin, ka san wasu abubuwa, don finafinai sun cika mana kai da ƙarya. Na farko, ba kowa ke ihu da kokawa ba. A wani bincike da aka buga a 2017 a ƙasar Suwidin, an tambayi mata 298 da suka je asibiti bayan an yi musu fyaɗe, kashi 70 cikin 100 suka ce jikinsu sandarewa ya yi, suka kasa motsi, wasu ko murya ta ƙi fita. Ba yarda ba ce, jiki ne ke ɗaukewa in tsoro ya kai maƙura. To ka ga gimbiyarka da ta iya takobi tana iya sandarewa, ta kuma kwashe shekara tana tuhumar kanta me ya sa ba ta yi faɗa ba. Wannan tuhumar kaɗai ta ishi littafi. Na biyu, a rayuwa yawanci ba baƙo ba ne daga bayan dutsen Ƙaf. Wanda aka sani ne, wanda ake gaisawa da shi, wani lokaci wanda ake ci a kwano ɗaya. Shi ya sa sarkin aljanu mai ƙaho ya fi sauƙin rubutawa, don ba ya tayar wa kowa da hankali. Gwada mayar da laifin kan waziri, ko kan babban barden da gari ke yi wa kirari, ka ga yadda labarin zai yi nauyi a hannunka.

Sannan ka tambayi duniyar da ka ƙaga. Ka zauna ka tsara mata tsafi da sarauta da sunayen koguna, to mece ce dokarta a kan wannan? Wa za ta fara faɗa wa? Jakadiya za ta kai maganar gaban sarki ko za ta ce a rufa asiri don kada aure ya fasu? Uwarta za ta rungume ta ko za ta tambaye ta me ya fitar da ita? Akwai bokanyar da ake zuwa wurinta da dare a irin wannan? In kuyanga ce ba gimbiya ba, akwai ma wanda zai saurare ta? A shirin House of the Dragon na 2022 akwai wurin da ya yi wannan da kyau: ba a nuna komai ba, sai wata baiwar fada tana rawar jiki tana faɗa wa sarauniya abin da ɗanta ya yi mata. Sarauniya ta ce ta yarda da ita, sannan ta ba ta kuɗi da wani shayi na hana ciki, aka kashe maganar. Minti kaɗan ne, amma ka fahimci gidan sarautar nan fiye da yadda yaƙi goma zai fahimtar da kai. Duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya san wannan zaman, ya san muryar da ake cewa "a bar wa Allah" da ita.

Ka kuma bar ta ta ci gaba da zama mutum. Tana jin yunwa, tana iya dariya ranar suna, tana iya yin mugunta ma. Wataƙila ƙamshin wani turare ne ba ta ƙara jurewa ba, ko ta koma kwana da fitila, ko ta daina bari a tsaya mata a baya. Ƙaramin abu guda da zai riƙa dawowa ya fi shafi biyar na hawaye.

'Yan uwana mata, na ce akwai naku. Ga shi, kuma da kaina zan fara, don laifi tudu ne. Shekarun baya, kafin in koma gyara, na rubuta wani labari a wani zauren WhatsApp. Yarima ne, aljana ta shafe shi, a cikin wannan hali ya afka wa wata baiwar Allah. Daga baya ya warke, ya yi nadama, ya yi ta bin ta, a babi na talatin ta yafe, aka yi biki na kece raini. Zauren ya ɗauka, kullum ana roƙona ƙari. Wata rana da asuba sai ga saƙo daga wata da ban sani ba. Ta ce, "Anti, ni aka aura wa wanda ya yi min. Shekara shida ke nan. Ina ta karantawa in ga ko za ki faɗi yadda ake yi a so shi, don ni na kasa." Na ajiye wayar a kan dadduma, na daɗe ban tashi ba. Ban iya ƙarasa littafin ba, kuma har yau ban san amsar da ta dace da ita ba.

Don haka wannan zubin, na ya yi mata fyaɗe, aka ɗaura musu aure, ta zo ta mace a kansa, ba na gyara shi, mayarwa nake yi. Kuma na lura a labaran almara mun samo masa wayo: asiri aka yi masa, aljani ne ya shige shi, maganin boka aka zuba masa a fura. Duk dabara ce ta wanke namiji tun kafin ya yi laifin, don makaranciya ta samu damar ci gaba da son sa. In har tsafi ne ya tilasta shi da gaske, to mutum biyu aka zalunta, sai ka rubuta shi a haka, da duk ɗacinsa, ba a matsayin hanyar haɗa masoya ba.

Za a ce min, kamar yadda yaron nan ya ce daga baya, "Anti, ai haka yaƙin da yake." Gaskiya ne, kuma Martin ma irin hujjar da ya kafa ke nan, cewa ba a taɓa yaƙin da babu wannan a cikinsa ba, ɓoye shi ƙarya ne. Ban musa ba. Amma jaruminka yana sare mutum dubu da sara ɗaya, yana tafiyar shekara arba'in a bayan tsuntsu, bai taɓa yin zawo ba, haƙorinsa bai taɓa ciwo ba, ƙyanda ba ta taɓa shiga garinsu ba. Duk gaskiyar zamanin da ka yafe ta, sai wannan guda ka riƙe. Kuma a yaƙin gaske maza ma ana yi musu, fursunoni da yara, amma ban taɓa ganin mai kafa hujja da tarihi ya rubuta haka a kan jaruminsa ba. In zaɓe kake yi, ka amsa cewa zaɓe kake yi.

Saura biyu, gajeru. Shekaru: in yarinya ce, babu wata fitowa, babu siffantawa, ko da ka ce aljana ce mai shekara dubu a jikin 'yar sha huɗu. Wannan ba na tattauna shi da kowa. Sai gargaɗi: layi ɗaya a farkon littafi, cewa akwai maganar fyaɗe a ciki. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da tallafin UNICEF a 2014 ya nuna a Najeriya mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Ka buɗe zauren makarantanka ka dubi yawan lambobin da ke ciki, ka yi lissafin da kanka.

Na bar maganar kuɗi a ƙarshe don ita ce ma'aunin da ba ya ƙarya. Dubi inda ka yanke shafukan kyauta. Dubi guntun da ka zaɓa ka liƙa a Facebook don talla. Dubi abin da ake rubuto maka a ƙasa: in "Allah ya isar mata" ake cewa, da sauƙi, in kuwa "wayyo a ƙaro mana" ake yi da hoton wuta, ka san abin da ka sayar. Ni na san data ba kyauta ba ce, na san dare nawa ake kwashewa ana buga rubutu da babban yatsa. Ka karɓi kuɗinka, halalinka ne. Amma ka yanke a wurin da jarumi ke rataye a bakin rijiyar macizai, ko inda aka buɗe wasiƙar waziri.

Yaron nan ya yi fushi da ni sati biyu, ko gaisuwa babu. Sannan ya sake turo babin. Shafi ukun sun koma layi huɗu, ƙofa ta rufe, sai gari ya waye muna tare da gimbiyar tana ƙirga sandunan taga. Ya ƙara mata babi biyar nata na kanta, ya ƙago wata tsohuwar kuyanga mai kawo mata abinci, wadda ita ma an taɓa yi mata, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sanarwar naira 500 ta koma babi na tara, daren da su biyun suka sace mabuɗi. Ya ce min waɗanda suka biya ba su kai yadda ya sa rai ba. Ya turo littafi na biyu a watan jiya, yana kan teburina, na kai shafi na arba'in.